Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Dalilan Karkarwar Mota Idan An Taka Totur

Gabatarwa

A wata damina ce rasuwar wani kawuna ta sa na kama hanya daga Sakkwato zuwa Burkusuma, wani gari da ke cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Na shiga motar haya ƙirar Golf, irin waɗanda suka cika tashoshinmu, ga fasinja an cika, ga buhuna an danna a baya har motar ta duƙa. Tun kafin mu kai Achida na lura da wani abu. Duk sa'ad da direba ya taka totur don ya ƙara wuta, sai gaban motar ya ɗauki karkarwa kamar mai jin sanyin zazzaɓi. Da ya ɗaga ƙafa kuwa, sai ta lafa kamar an yi ruwa an ɗauke. A haka muka wuce Goronyo: in ya taka ta yi rawa, in ya saki ta natsu.

Da na tambaye shi ko ya kai ta gareji, sai ya girgiza kai ya ce, "Wallahi Malam, motag ga ta gajisshe ni. Sau biyu ina canza hulogi, an wanke nozul, an yi ma tayu balansin, amma kamar ana zuga ta." Watau ya kashe kuɗinsa sau huɗu a kan magunguna uku, alhali babu wanda ya tsaya ya gano ciwon.

A wasu wurare lalacewar mota a hanya ɓata lokaci ne kawai. A ƙasar Gobir ta shekarun nan kuwa, al'amarin ya wuce haka. Mutanen Sabon Birni da Isa ba su manta da watan Disamba na 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka tare motar matafiya kusa da Gidan Bawa suka banka mata wuta da mutane a ciki. Saboda haka babu direban da ke son motarsa ta mace masa a dawa da yamma, babu kuma fasinjan da ke son haka. Bugu da ƙari, motar da ke kai gero kasuwa ita ce dai ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare.

Ni ba bakanike ba ne, malamin ilimin halittu ne. Amma hanyar da likita ke bi ya gano cuta, da wadda ɗalibin kimiyya ke bi a ɗakin gwaji, da wadda gwanin bakanike ke bi, duk hanya ɗaya ce: a lura, a yi tambaya, a canza abu ɗaya tak, a ga abin da zai biyo baya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa ɗalibai da malamansu yadda za a bi wannan hanya a gano abin da ke sa mota karkarwa, tun kafin a kwance ko noti ɗaya.

Jiki Magayi

Karkarwa motsi ne na kai-da-komo wanda ke maimaita kansa da sauri. Kowace karkarwa tana da abubuwa biyu da ake aunawa: ƙarfinta, da kuma yawan bugunta a cikin sakan ɗaya. Wannan na biyun shi ne masana suka laƙaba wa sunan Heinrich Hertz, wani masanin kimiyya Bajamushe na ƙarni na 19. Zuciyar baligi da ke hutawa tana bugawa sau ɗaya da ɗan wani abu a sakan. Fiffiken sauro kuwa yakan kaɗa sau ɗaruruwa a sakan, shi ya sa muke jin sa a matsayin kuka a kunne.

Allah ya hore wa jikin ɗan Adam na'urorin da ke jin irin wannan motsi. A cikin fatar tafin hannu da ta tafin ƙafa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi iri biyu a bakin jijiyoyin saƙo. Iri na farko suna kusa da saman fata, an san su da sunan Meissner, kuma sun fi jin karkarwa mai nawa, wadda bugunta ke tsakanin 10 zuwa 50 a sakan. Iri na biyu suna can ƙasa, siffarsu kamar ta albasa mai ɓawo a kan ɓawo. Su aka sa wa sunan Filippo Pacini, mutumin Italiya da ya bayyana su a shekarun 1830, kuma sun fi jin karkarwa mai sauri, wajen bugu 250 a sakan. Ke nan direban da ya riƙe sitiyari, ya ɗora ƙafa a kan totur, ya zauna a kujera, yana da ma'aunai uku a wurare uku na motarsa. Abin da ya rage masa shi ne ya iya karanta abin da suke gaya masa.

Ya kamata kuma a san cewa karkarwar ba motar kaɗai take ci ba. Gangar jikin mutum da ke zaune ta fi amsa girgiza mai bugu 4 zuwa 8 a sakan, kuma bincike ya daɗe da nuna alaƙa tsakanin daɗewa a cikin abin hawa mai girgiza da ciwon baya da ke addabar direbobi.

Tambayoyi Uku Kafin A Ɗauki Sifana

Kafin a tuhumi mota, sai a fara wanke hanya daga zargi. Hanyoyin ƙasa da ke haɗa ƙauyukan wannan yanki da kwalta sukan yi gargada. Tun a 1963 wani masani mai suna Keith Mather ya nuna cewa tayoyin da ke gudu a kan yashi ko tsakuwa su da kansu ke haifar da gargada. Idan tsakanin tudu da tudu rabin mita ne, motar da ke gudun kilomita 36 a awa, watau mita 10 a sakan, za ta sha bugu 20 a kowane sakan ko da jiya aka fito da ita daga masana'anta. Don haka gwaji sai a kan kwalta mai santsi, inda babu cunkoso, kuma babu fasinja.

Tambaya ta farko: karkarwar inji take bi ko gudun mota? A tsayar da mota, a fitar da ita daga giya, a ja burkin hannu, a taka totur sannu a hankali. In ta yi rawa tana tsaye, to tayu da shaf sun kuɓuta, domin ba sa juyawa. Sai a nufi inji da robobin da yake zaune a kai. In ba ta yi ba, a hau hanya a kai gudun da take rawar, a ce kilomita 60 a awa, a gwada a giya ta uku, a sake gwadawa a ta huɗu. In rawar tana nan a kilomita 60 ko a wace giya, to gudun mota take bi. In kuwa ta canza wuri da canjin giya, to juyin inji take bi.

Tambaya ta biyu: in an ɗaga ƙafa tana dainawa? Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Taya mara daidaito ba ruwanta da ƙafar direba. Muddin tana juyawa da wannan gudun za ta yi rawa, ko an taka ko an saki. Amma karkarwar da ke zuwa da takawa ta tafi da sakewa tana nuna cewa akwai wani sashe da ke kasawa idan an aza masa nauyi, ko dai a cikin inji, ko a gaɓoɓin da ke kai ƙarfin inji ga tayu.

Tambaya ta uku: a ina ake jin ta, kuma wace iri ce? Wadda ke kaɗa sitiyari daga gaba take. Wadda ake ji a kujera da daɓen mota galibi daga baya ko daga ƙarƙashi take. Akwai mai fizgar mota gaba da baya kamar doki mai turjiya, akwai mai kaɗa ta hagu da dama, akwai kuma mai zuwa kamar gurnani. Wadda ke bayyana sa'ad da aka taka burki kaɗai ta faifan burki ce, wadda ke zuwa a lokacin tashi kaɗai kuwa, sa'ad da ake sakin kuloci, ta kuloci ce. Waɗannan biyu ba su cikin batunmu na yau.

Idan Laifin Inji Ne

Injin fetur da ke cikin yawancin motocinmu yana aiki ne bisa tsarin da Nikolaus Otto ya kammala a Jamus a 1876. Kowace silinda tana da matakai huɗu: ta shaƙi iska da mai, ta matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su tura fistin, sannan ta fitar da hayaƙi. Sai inji ya juya sau biyu kafin silinda ɗaya ta yi wuta sau ɗaya. A inji mai silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti, ana samun tashin wuta 100 a kowane sakan, kowace silinda tana ba da 25. Matuƙar duka huɗun suna aiki, turin yana zuwa a jere kamar sautin mata huɗu da ke daka a turmi ɗaya. Da zarar ɗaya ta yi fashi, sai a sami giɓi 25 a sakan, inji ya riƙa tuntuɓe, mota ta riƙa fizga.

To, me ya sa fashin ya fi bayyana idan an taka totur? Dalili shi ne, taka totur buɗe ƙofa ne ga iska mai yawa. Iskar da aka matse ƙwarai tana yi wa tartsatsi wuyar ƙetarewa. Tsakanin bakunan fulogi biyu kusan milimita ɗaya ne, amma sai da ƙarfin lantarki na dubban bolt ake tsallake shi, kuma buƙatar tana ƙaruwa da ƙaruwar matsi. Tsohon fulogi da bakinsa ya cinye, ko kwayil da ya raunana, ko wayar da ta tsage, za su iya aikin sa'ad da inji ke silo, amma su kasa a kan hawa da kaya. Haka mai ciwon zuciya yake: yana zaune lafiya lau, sai ya hau tudu haki ya tona asirin ciwon.

Abu na biyu shi ne abincin injin. Fetur yana buƙatar iska da ta ninka shi nauyi kusan sau 14.7 kafin ya ƙone sarai. Idan aka yi lissafi, lita ɗaya ta fetur tana cin iska wajen lita 9,000. Duk wannan iska ta cikin matatar iska take bi, kuma kowa ya san irin ƙurar da hunturu ke kawowa ƙasar Gobir. Matatar da ta toshe tana shaƙe inji. Haka nan matatar mai da ta cika da datti, ko famfon mai da ya gaji, ko nozul da ya toshe, sukan ba da abin da ya isa tafiyar sannu amma su gaza idan an nemi ƙari.

Shi kansa man abin dubawa ne. A watan Nuwamba na 2019 Hukumar Kwastan ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, abin da ya ƙara tura mutanen garuruwan iyaka ga 'yan bumburutu. Man jarka yakan kwashi ruwa da tsatsa da yashi, wani lokaci ma a gauraya shi da wani abu. Ba man jarka kaɗai ke gurɓata ba. A farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata injunan mutane a manyan birane. Gwajin ruwa a mai ba shi da wuya. A zuba kaɗan a kwalba mai haske, nesa da wuta, a bar shi ya natsu. Nauyin litar fetur kusan kashi uku cikin huɗu ne na nauyin litar ruwa, saboda haka ruwan zai kwanta a ƙasa a gan shi ƙuru-ƙuru.

Fulogi kansa yana ba da labari in an ciro shi. Mai launin toka-toka ko ƙasa-ƙasa lafiyayye ne. Mai baƙin kunkunniya busasshe yana nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Mai jiƙe da baƙin mai yana nuna ringin fistin ya saki. Fari fat kuwa yana nuna zafi ya yi yawa ko mai ya yi kaɗan. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da mahaɗar da ake sa wa na'ura ta karanto laifi. Lambar P0301, alal misali, tana nufin silinda ta ɗaya ce ke fashi, P0302 ta biyu, haka har zuwa ta ƙarshe. Amma na'urar wurin ciwo take nunawa, ba ta faɗin sanadinsa. Gwanin bakanike sai ya ɗauke kwayil ɗin silinda ta ɗaya ya musanya shi da na ta uku. In fashin ya bi kwayil ya koma ta uku, an kama ɓarawo. In ya tsaya a ta ɗaya, sai a musanya fulogi, sannan nozul, ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma robobin da inji ke zaune a kai, waɗanda kanikawa ke kira injin-sit. Isaac Newton ya bayyana a 1687 cewa duk abin da ya tura wani, shi ma ana tura shi da ƙarfi daidai da wanda ya yi turin. Idan inji ya murɗa tayu gaba, shi ma yana neman murɗewa baya, robobin nan ne ke riƙe shi suna shanye girgizarsa. Zafi da tsufa da ɗigar baƙin mai suna cinye su. In ɗaya ta yanke, za a ji ƙarar "gum" a lokacin tashi ko canjin giya, a kuma ga inji yana ɗagawa fiye da kima in an buɗe bonet.

Gaɓoɓin Mota

A nan ne ilimin halittu da kanikanci suka haɗu a hannun mutum ɗaya. Robert Hooke na Ingila, wanda ya leƙa ɓawon itace da madubin ƙara girma ya bayyana ƙwayoyin halitta a littafinsa na 1665, shi ne kuma ya yi bayanin wata gaɓar ƙarfe a 1676, wadda ke ba sanda biyu damar juya juna ko da ba su miƙe a layi ɗaya ba. Ita ce kanikawanmu ke kira kuros, saboda siffarta ta gicciye. Faransawa sun jingina ta ga Gerolamo Cardano, wani masanin Italiya na ƙarni na 16, shi ya sa in ka ƙetara iyaka zuwa Maraɗi za ka ji kanikawa na cewa "kardan".

Mota tana buƙatar gaɓa ne domin inji a daure yake a jikinta, tayu kuwa suna hawa suna sauka, na gaba ma har da juyawa hagu da dama. Sai dai kuros yana da wani hali da Hooke ya lura da shi: in an lanƙwasa shi, ɓangaren da ake juyawa ba ya tafiya da gudu ɗaya. Sau biyu a kowane zagaye yakan yi sauri, sau biyu ya yi nawa. A lanƙwasar digiri 30, yakan zarce da kusan kashi 15 cikin ɗari, ya kuma ja baya da kusan kashi 13. Maganin wannan shi ne a sa kuros biyu, ɗaya a kowane ƙarshen sanda, a jera su yadda na biyu zai warware abin da na farko ya ƙulla. Haka farfelar motoci masu ja da baya take, irin su Hilux da Hiace da Canter masu ɗaukar albasa da dabbobi zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Idan bakanike ya zare farfela ya mayar da ita ba bisa yadda take ba, kuros biyun sai su haɗu su ninka rawar maimakon su kashe ta. Saboda haka a sa alama da alli kafin a kwance. Farfela tana juyawa kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya, don haka karkarwarta mai sauri ce, ana jin ta kamar gurnani a ƙarƙashin kujera. Busasshen kuros, ko boris ɗin tsakiya da robarsa ta mutu, ko sandar da ta bugi kututture ta lanƙwashe, duk suna kawo ta.

Motoci masu ja da gaba, irin su Golf, ba za su iya da kuros ba, domin tayar da ke ja ita ce kuma ke karya kwana. A ƙarshen shekarun 1920 wani injiniyan kamfanin Ford mai suna Alfred Rzeppa ya ƙera gaɓa mai ƙwallayen ƙarfe shida da ke gudu a cikin kwaroro, wadda ke juyawa da gudu ɗaya komai lanƙwasarta. Kowane shaf na gaba yana da gaɓa biyu: ta waje a wajen taya, da ta ciki a wajen giya. Ta ciki tana da ƙarin aiki, domin takan zame ciki da waje don shaf ya ƙara tsawo ko ya rage sa'ad da taya ke hawa da sauka. A wasu motoci ƙwallaye ne a cikinta, a wasu kuma 'yan tayoyi uku.

Duk ɗalibin da ya karanta gwiwar mutum zai gane wannan gini. A gwiwa akwai guringuntsi mai santsi, da ruwan gaɓa mai yauƙi, da jakar da ta rufe su. A gaɓar mota akwai ƙarfe mai santsi, da giris, da robar da ta rufe su. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙaya ko kututture ko tsufa ya yaga robar nan, giris ya fantsame, yashi ya shiga. Yashi da sauran giris sai su zama tamkar dutsen wasa wuƙa, su ci ƙarfen har su yi masa ramuka. Mai amosanin gwiwa ba ya jin zafi sosai in yana zaune, sai ya ɗauki kaya ya miƙe. Haka gaɓar ciki take. In an taka totur, ƙarfin inji yana danna ƙwallayen cikin ramukan da suka ci, su kasa zamewa, shaf ya riƙa ture inji gefe da gefe a kowane zagaye. In an ɗaga ƙafa, nauyin ya koma ɗaya fuskar da ba ta ci ba, rawar ta ɗauke nan take. Lodin da ya wuce kima yana ƙara tsananta abin, domin yana ƙara nauyin da gaɓar ke ja, yana kuma canza kusurwar da take aiki a kai. Gaɓar waje kuwa alamarta dabam ce: ƙarar "ƙas-ƙas-ƙas" idan an karya sitiyari ƙarshe ana tafiya.

Taya Da Lissafin Laka

Ko da yake karkarwar taya ba ta bin ƙafar direba, mutane da yawa sukan ɗauka ta totur ce, saboda sai an taka ake kai gudun da take bayyana. Mu ɗauki taya mai lamba 195/65 R15. Kewayenta kusan mita biyu ne. A gudun kilomita 100 a awa mota tana cin mita 28 a sakan, watau taya tana juyawa sau 14 a sakan. A ce motar ta ratsa fadamar Gulbin Rima da damina, laka mai nauyin giram 100 ta manne a cikin rim ta bushe a gefe ɗaya. A wannan gudu, lissafi ya nuna lakar nan za ta riƙa fizgar taya da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 15, sama da ƙasa, gaba da baya, sau 14 a kowane sakan. In an ninka gudu sau biyu, ƙarfin fizgar ninkuwa yake sau huɗu. Guga ɗaya na ruwa da tsinke sun isa maganin wannan.

Wani abin mamaki shi ne, irin wannan rawa takan tsananta a tsakanin kilomita 80 zuwa 110, sannan ta ragu in an wuce. Dalili shi ne kowane abu yana da yawan bugun da ya fi so ya yi rawa a kai. Yaron da ke kan lilo, in ana tura shi daidai lokacin da ya dawo, ƙaramin turi ya isa ya kai shi sama. Taya da sifirin ɗinta sun fi amsa bugu 10 zuwa 15 a sakan, kuma a wannan gudun ne juyin taya ke dacewa da shi. Direban da ke cewa "in na ƙara wuta tana dainawa" bai warkar da komai ba, ya dai tsallake wurin da ciwon ke kuka ne.

Ban da laka, a duba rim da ramin hanya ya lanƙwasa, da darmar balansin da ta faɗi, da tayar da wayoyin cikinta suka saki ta yi ƙulu. Yawancin tayun da ake saye a yankunanmu na gwanjo ne, don haka a karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefensu: 2318, alal misali, na nufin an yi ta a mako na 23 na 2018. Gwajin musanya yana aiki a nan ma. A mayar da tayun gaba baya. In rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, taya ce. Amma kafin kome, a sa sifana a gwada notocin taya. Su ne mafi sauƙin dubawa, su ne kuma mafi saurin kisa in sun kwance.

Abin Da Aka Samu

Da muka isa Sabon Birni na roƙi direban nan mu tsaya wurin wani dattijon bakanike kafin mu sauka daga kwalta. Dattijon bai taɓa motar ba sai da ya tambaya. "Ɗana, yaushe ta ka rawa, in ka taka ko in ka ɗaga ƙahwa?" Direba ya ce in ya taka. "Tana tsaye tana yi?" Ya ce a'a. "Ƙarhinta ya ragu?" Ya ce ko kaɗan. Sai dattijo ya sa aka ɗaga gaban motar, aka tokare ta da kututture, domin ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jek kaɗai. Ya haska tocila. Robar gaɓar ciki ta dama a yage take, giris ya yi baƙi a jikin giya, da ya kama shaf ya girgiza kuwa sai ga shi yana wasa. Na ce, "Baba, ina ka koyi wannan tambaya?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai mota ba ta ƙarya, mutane na ba su saurare."

Aka sa wani shaf, muka shiga Burkusuma da sauran rana. Da an ga yagewar robar nan da wuri, da sabuwar roba da giris sun wadatar, kuma kuɗinsu bai kai ko kusa da abin da ya kashe a kan fulogi da nozul da balansin ba.

Kammalawa

Ƙashin da ya karye yakan ɗinke kansa, amma ƙarfen da ya ci ba ya komawa. Don haka duk karkarwar da aka ƙyale ƙaruwa take yi, tana kuma cin boris da shokozoba da notoci a kan hanyarta. Direba ya riƙa leƙa robobin shaf duk mako, ya kakkaɓe matatar iska a lokacin hunturu, ya wanke cikin rim bayan ya ratsa laka, ya tace man jarka, ya kuma rage lodi. In ya je gareji, ya faɗi alamun da ya gani, kada ya yanke wa motar magani da kansa.

Ga malaman kimiyya kuwa, wannan darasi ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. A kifa keke, a juya tayarsa, sannan a ɗaura ƙaramin noti a wayar taya ɗaya kusa da rim a sake juyawa, ɗalibai su ɗora hannu a jikin keken su ji bambanci. A matsar da notin kusa da tsakiya, a sake ji. A zuba man gyaɗa da ruwa a kwalba a ga wanda zai kwanta. A sa ɗalibai su auna kewayen tayar mota da zare, su lissafa sau nawa za ta juya a sakan a gudun kilomita 60 a awa. Daga nan a tura su gareji mafi kusa, su gaida mai wurin da ladabi, su roƙi tsohon kuros da tsohuwar gaɓar shaf, su kawo aji a ajiye su kusa da hoton gwiwar mutum.